Sarkin da Shara Ta Je wa Gaisuwa

An ce wani sarki, mai mulkin wani gari da ke kan gangare, fadarsa a can ƙasa, ya fito wata safiya ya taka ƙwallon mangwaro. Santsi ya kwashe shi, rawani ya yi gabas, takalmi ya yi yamma. Ko ƙwarzane bai yi ba. Amma da ya miƙe sai ya ce, "Yau mulki ya rushe! Tun da aka kafa duniya ba a taɓa cin amanar sarki kamar yadda aka ci tawa ba. Ƙazantar talakawa ta nemi raina!"

Nan take ya sa aka yi shela: duk wanda aka iske shara a ƙofar gidansa, zai ɗauke ta a ka ya ratsa kasuwa da ita. Ya rantse ba za a ware kowa ba, ko wane ne.

To, wanda ya fara gano mafita kakana ne, mutumin da na gaji kyau da basira a wurinsa, ko da yake masu ba da labarin nan, saboda hassada, ba sa ambatonsa. Gidansa ne a can saman gangare. Ya sa tsintsiya ya tura shararsa ƙofar maƙwabci. Maƙwabci ya haɗa da tasa ya tura gaba. Haka shara ta yi ta gangarowa gida gida, tana ƙiba, har ta durƙusa a ƙofar fada, tsibi guda ya fi ɗaki.

Sarki ya leƙo, ya tuna rantsuwarsa, gumi ya karyo masa. Jama'a kuwa har sun fara neman wurin zama a kasuwa. Sai ya aika aka kira Malam Tanimu, wani dattijo masani da ke zaune gindin tsamiya a bayan gari.

Sarki ya ce, "Malam, ka nemo mini ƙofar fita daga wannan rantsuwa."

Malam ya ce, "Ya sarki, rantsuwa ba ta da ƙofar baya. Amma kaya na raguwa. Da ka ce su kwashe, ka faɗa musu inda za su kai?"

"Ban faɗa ba."

"To, Allah ya ba ka nasara, mece ce shara?"

"Abin da ba shi da amfani."

"A'a, ya sarki. Kaya ne da ya ɓata hanyar gidan mai shi. Ka ba ni izini in yi cigiya."

Aka yi cigiya. Manoma suka zo da jakuna da mangaloli, suka kwashe toka da kashin awaki, suna cewa taki ya samu. Maƙera suka tsince guntayen ƙarfe, har biyu suka kusa dambe a kan wata tsohuwar fartanya. Masu yin matashi suka ɗebe tsummoki. Wata tsohuwa ta tattara ɓawon wake, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, sarki, akuyata ta gode." Kafin rana ta take, tsibi ya zama abin da bai cika ƙwarya ba.

Sarki ya duba ƙwaryar. Ƙwallayen mangwaro ne, an tsotse su fes.

Ya ce, "Waɗannan fa, don me ba wanda ya ɗauka?"

Malam ya ce, "Ya sarki, irin wannan mangwaro a lambun fada kaɗai yake. Kowa ya san bakin da ya tsotse su, da hannun da ke cilla su ta kan katanga."

Sarki ya sake duban ƙwaryar. Can ya fashe da dariya, ya ce, "Ashe wanda ya nemi raina yana cikin rigata!"

Ya cire rawani, ya aza ƙwarya a ka, ya ratsa kasuwa, mata na guɗa. Bai tsaya ba sai bakin rafi, inda ya shuka ƙwallayen. Ya kuma sake doka: kowane gida ya ware toka daban, ƙarfe daban, tsumma daban, masu bukata su riƙa bi suna karɓa, manomi kuwa ya tuna da gidan da ya ba shi taki ranar girbi.

Mangwaron bakin rafin nan kowa ya sha, amma har yau ba a kawo wa zuriyarmu ko ɗaya da sunan godiya ba.

Masu hikima suka ce: dokar da ta ce kwashe ba ta ce kai nan ba, a ƙofar mai ita take kwana.