Malam Cindo da Kundin Shekarar Fara

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, a zamanin da rubutun boko ya fara shiga kotuna yana ture ajami gefe. Ana ce masa Malam Cindo. Na baya ku matso, ku rage surutu, don labarin nan ba na dariya ba ne.

Malam Cindo ba alƙali ba ne, ba kuma magatakarda ba. Masinja ne kawai a kotun garin. Shi ke share zaure, shi ke kai sammaci, shi ke riƙe da mabuɗin wani ɗaki can ƙurya inda aka jibge tsofaffin kundayen shari'a tun na zamanin kakanni. Albashinsa kuwa, kada ma ku tambaya. Abin da ke riƙe da gidansa gona ce guda ɗaya a bakin rafi, wadda ya tashi ya tarar ubansa yana nomawa. Da ita yake ciyar da mutum tara.

Amma yana da abu guda da duk kotun ba mai shi. Kundayen nan da ajami aka rubuta su, da hannun wani magatakarda da ya daɗe da rasuwa, rubutu mitsi-mitsi kamar sawun tururuwa. Samarin ma'aikata in sun buɗe sai su rufe. Alƙalin kansa ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Cindo kaɗai ke iya karanta su, don a gaban magatakardan nan ya yi karatun allo. Ku riƙe wannan da kyau: shi kaɗai.

Ran nan wata dattijuwa mai suna Tasalla ta zo kotun, tana neman takardar wata magana da aka yi a gaban alƙali shekaru aru-aru da suka wuce.

Wani saurayin magatakarda ya ce, "Iya, mene ne lambar shari'ar?"

Ta ce, "Ɗan nan, ni ina na san lamba?"

"To wace shekara ce?"

"Shekarar da fara ta cinye hatsi."

Suka kwashe da dariya. Ya ce, "Mu nan ba mu da shekara mai suna fara. Ki dawo ran Litinin." Ta dawo Litinin, aka ce Alhamis. Ta dawo Alhamis, aka ce babba ba ya nan. Kun san halin, wasunku ma jiya suka yi wa wani haka.

A zuwanta na biyar Cindo ya same ta a gindin bishiyar ƙofar kotu tana share hawaye da bakin gyale. Ya tsuguna ya ce, "Baiwar Allah, gaya mini, me kike nema?"

Ta ce ubanta Jatau ɗan garin nan ne. Shekarar fara ya kwashi iyalinsa ya nufi gabas da ƙafa da niyyar aikin Hajji, ita tana goye. Kafin ya tashi ya ba wani amininsa aron gonarsa, aka rubuta a gaban alƙali. Can ya zauna, can ya rasu. Yanzu mijinta ya mutu, ɗanta ya mutu, ta dawo da jikoki huɗu, suna raɓe a zauren wani mai tausayi wanda ya ce bayan kaka yana son ɗakinsa. "Sunan aminin ya ɓace mini, Malam. Inda gonar take ma ban sani ba. In ba takardar nan ba, ba ni da inda zan dafa."

Tausayi ya kama Cindo. Ya je wajen tsofaffin da ke zama a ƙofar masallacin kasuwa, ya tambaye su wane alƙali ne ke kan buzu shekarar fara, don kundayen an ɗaure su ne alƙali-alƙali, ba shekara-shekara ba. Suka yi ta gardama, har suka tsaya a kan guda. Kwana uku yana cikin ɗakin nan, ƙura, kashin ɓera, gara ta ci wannan, ruwa ya jiƙa wancan. Ba wanda ya sa shi.

A rana ta uku da hantsi ya samu. Ku saurara ku ji abin da ke rubuce: Jatau ɗan Barmo ya ba da aron gonarsa ta bakin rafi, wadda ta yi iyaka da tsamiya biyu daga gabas da falalen dutse daga arewa, ga amininsa Nomau ɗan Gambo, ya noma ya ci, har ran da shi ko magajinsa ya dawo.

Jama'a, Nomau ɗan Gambo uban Cindo ne.

Cindo ya ƙura wa sunan ido. Ya sake karantawa yana bi da yatsa, ko idonsa ne ke masa gizo. Tsamiya biyu, a inuwarsu yake cin fura duk damina. Nan take ya tuna ranar da yana saurayi ya dasa mangwaro a gonar, ubansa ya zo ya tumɓuke shi a fusace bai ce masa komai ba. Ku manoma kun san dalili, ba a dasa itace a gonar aro. Tsohon ya san ba tasa ba ce. Sai dai mutuwa ta zo masa farat ɗaya, bai samu bakin yin wasiyya ba.

Cindo ya juya kundin a hannunsa. Ya duba, ga shafin ya riga ya saki daga ɗinki, gara ta ci gefensa. Ɗan ja kaɗan, shi ke nan. Ko ma ba sai ya yaga ba, ya mayar da kundin ƙasan tari, wa zai tono? In an tono, wa zai karanta?

Ya kulle ɗaki ya fito. Tasalla ta miƙe da sauri. "Malam, an dace?"

Ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Ki dawo gobe." Yana faɗa ya ji kunya ta rufe shi, don maganar da samarin nan ke mata ke nan.

A gida matarsa Delu ta kawo masa abincin rana, ya tura kwanon gefe. Ta ce, "Malam, lafiya? Ka ga yadda ka koma kuwa?" Ya kwashe duka ya gaya mata. Ta ce, "Wa ya gani?"

"Ba kowa."

"To, Malam, ni ban ce ka yi komai ba. Amma yaran nan, me za su ci baɗi?"

Kada ku zage ta. Uwa ce, kuma tambayarta tana kan hanya. Shi ma ita ce ke cin zuciyarsa. Bayan la'asar ya tafi gonar, ya tsaya yana kallon dawa ta fid da kai, ya zaga ya zaga, ya zauna, ya miƙe. Zuciya ta ce masa, shekara nawa kuna zuba taki a nan? Ta ce masa, matar nan ba ta ma san wurin ba. Ya yi alwala a rafi.

Da safe ya ɗauko kundin ya rungume, ya shiga gaban alƙali, ya sa aka kira Tasalla. Ya fara karatu. Da ya zo kan sunan sai ya tsaya.

Alƙali ya ce, "Ci gaba mana."

"Ga amininsa Nomau ɗan Gambo."

"Wane Nomau? Akwai magajinsa a garin nan?"

"Allah ya gafarta Malam, ubana ne. Gonar tana hannuna."

Tasalla ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, wallahi da ka ce ba ka gani ba, da na yarda na tafi ina sa maka albarka."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Jiya na yi ta tunanin haka. Amma ubana ya karɓi amana a gaban shaidu, ya tafi bai mayar ba. Shekara ashirin yana kwance da ita. In na ɓoye takardar nan, wa zai sauke masa?"

Shi da bakinsa ya yi ta karanta wa saurayin magatakardan nan kalma-kalma yana juyawa cikin boko, aka buga hatimi, aka miƙa wa Tasalla kwafinta. Alƙali ya ce amfanin bana na wanda ya shuka ne, bayan girbi a miƙa gona.

Na ga kuna jira in ce ta yafe masa, ko ya tono tukunyar zinariya a bayan ɗaki. A'a. Ta karɓi gonarta, haƙƙinta ne, da marayu a gabanta. Cindo ya koma ƙwadago a gonakin mutane da furfurarsa, Delu ta kama suyar ƙuli-ƙuli. Sun sha wuya, an yi damunar da sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan. Allah dai bai bar su sun mutu da yunwa ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Gaskiyar da mutum ya faɗa don an kama shi, wannan ba tasa ba ce, ƙwace ta aka yi. Gaskiyar da Allah ke dubawa ita ce wadda kai kaɗai ka sani, kuma in ka faɗa kai za ta cinye. Kai da ke zaune a ofis kana ce wa talaka ya dawo gobe alhali takardarsa na cikin aljihun teburinka, ana ganinka. Kai kuma da ka san inda iyakar gonarku ta gaskiya take, dattawan da suka sani duk sun mutu, kana murna. Ka yi kuka, don ubanka na kabari, kuma kai kaɗai ka rage da za ka iya sauke masa. Ka tashi ka je tun yau, kafin a kwantar da kai kusa da shi. Allah ya ba mu ikon mayar da abin da ba namu ba.