Kuɗin Maɓalli

Akwai wata tela da ke da ɗan shago a bakin layi, keke ɗaya, benci ɗaya, da gwangwanin maɓallai a kan taga. Labarinta ne ya hana ni sukuni yau, don wallahi da na ji abin da yayanta ya yi mata sai da na ajiye waya na yi tsaki.

Innarsu ce ta koya mata ɗinki. Yanzu cutar yana ta rufe wa tsohuwar ido, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Likita ya ce aiki za a yi, ya faɗi kuɗin. Telar ta ji, ta koma kan kekenta.

Duk rigar da ta ɗinka, akwai ɗari biyu da take karɓa na maɓalli. Wannan kuɗin ba ta taɓa shi. Ƙarshen mako sai ta tura shi ta waya cikin wani asusun haɗaka mai rajista, wanda ba ruwansa da kuɗin ruwa. Mutane ne da yawa ke zuba ɗan abin da suka samu, masu kula da shi su sayi hannun jari a kamfanoni daban-daban, su ɗauki ɗan ladansu. Wani watan ya hau, wani watan ya sauka. Ita dai ta tura ta ci gaba da taka kekenta.

Yayanta kuwa mai sayar da wayoyi ne, mutum mai baki kamar rediyo. Shi ya saita mata manhajar asusun a waya, shi ya zaɓa mata lambar sirri, yana yi yana dariya.

"Hajiya Maɓalli! To yaushe za ki sayi jirgin sama?"

"Ido nake so in saya wa Inna, Yaya."

"Da ɗari bibbiyu? Bari ki ga yadda maza ke yi. Ni inda na sa nawa, kwana arba'in ya ninka."

Shekara uku tana shan wannan zolaya. Har kuɗin ya kusa cika, ta je asibiti aka rubuta wa Inna rana.

Ana saura sati biyu, Yaya ya shigo shagon, ya ce ta ba shi kuɗin ya ninka mata. Ta ce a'a. Ya ce to ta ara masa waya ya yi kira, tasa ba caji. Mai sayar da waya fa, wai ba caji! Tana can tana auna wata mata, shi kuwa ya buɗe manhajar. Ya ga lambobin sun yi ja, kasuwa ta sauka a satin. Bai tambaye ta ba, bai yi mata ko tari ba. Ya sa lambar sirri, ya danna maɓallin "cire duka", ya ajiye wayar a kan benci ya fice abinsa.

Da saƙon cire kuɗin ya shigo wayarta, sai da ta karanta sau uku. Ko tef ɗin awo ba ta cire daga wuya ba ta nufi shagonsa.

"Yaya, me ka danna a wayata?"

"Ceton ki na yi. Ja fa na gani! Kuɗinki ƙonewa yake yi kina zaune."

"Jan nan sau nawa na gan shi? Sau nawa ya koma kore ina kallo? Ba a asara sai an sayar, kai kuma ka sayar!"

"Ke, rage murya, akwai mutane."

"Su ji! Kuɗinka ne? Da hannunka ka ɗinka maɓallan? Yatsana ka duba, duk huda ce. Shekara uku, Yaya. Ka zo da yatsa ɗaya ka zubar!"

Ya gyara zama ya ce, "Tunda dai ya fito, kawo shi nan. Kwana arba'in ki ga aiki. Ni ma zan biya rabin kuɗin asibitin."

A nan ta gane. Ba tsoron ja ba ne, so yake kuɗin ya fito ya shiga hannunsa. Ta kalle shi ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai a kan idon Inna." Ta juya.

Kuɗin ya faɗo asusunta na banki bayan kwana uku, da giɓin dubu talatin. Kafin nan kasuwa ta farfaɗo, lambobi sun koma kore, ba da ita ba. Da kuɗin aikin bai cika ba, asibiti suka ɗage ranar. A cikin wannan jiran ne Inna ta laluba butar shayi ta ƙone hannu. Telar tana shafa mata magani tana kuka, kukan takaici.

Ta canza lambar sirri. Ta koma kan ɗari bibbiyunta. Wata huɗu cur kafin giɓin ya cike.

Shi kuwa gogan, kwana arba'in ta yi, ta wuce. Shafin masu ninka kuɗin da ya zuba nasa ya daina buɗewa, lambarsu a kashe. Jarin shagonsa kaf yana ciki, har da na abokai biyu da ya ja. Wayoyin da ke kan kanta ya sayar ya rufe musu baki.

Aka yi wa Inna aiki. Bayan sati uku tana zaune a shagon 'yarta, sai ga Yaya ya shigo, ya rame, kai a ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe ta. Telar ko kallonsa ba ta yi ba, ta ƙara wa keke wuta.

Inna ta ƙura masa ido ta ce, "Matso nan. Rigarka ba maɓalli a wuya."

Ta miƙa hannun nan mai tabon ƙuna ta ɗauki allura. Ta ɗaga ta sama, ta zura zare karo ɗaya. Keken ya tsaya cak. Ta zaɓi maɓalli a gwangwani, ta ɗinka masa yana durƙushe, ta cije zaren.

"Na gode, Inna."

"Ba ni za ka gode wa ba. Ɗari biyu ne, miƙa wa ƙanwarka."

Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Babu.

Darasi: Kada ka raina ƙaramin jarin da ake zubawa a kai a kai a wuri mai rajista, kuma kada ja na sati ɗaya ya sa ka sayar da haƙurin shekaru. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a kwana arba'in, ka riƙe aljihunka. Lambar sirrinka kuwa taka ce kai kaɗai, ko da uwa ɗaya ta haife ku. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san yatsansa na ƙaiƙayi.