Takardar da Herminda Ta Cike Wa 'Yarta

Akwai wata mata a garinmu Calbuco, wani gari na masunta a bakin teku, mai suna Herminda. 'Ya'ya shida ta haifa, ta raine su da sayar da busasshen kifi a kasuwar bakin ruwa, kuma ba ta gajiya da faɗin hakan. Idan ka ce mata kanka na ciwo, sai ta ba ka labarin yadda ta haifi na huɗu da safe, da yamma ta fita faskaren itace.

Autarta, Nayadeth, tana aikin cire ƙaya a wani kamfanin sarrafa kifi. A watan Mayu ta haifi 'yarta ta fari, aka sa mata suna Maite. Mijinta Nibaldo yana aiki inda ake kiwon kifi a keji cikin teku, sati biyu a can, sati ɗaya a gida. Saboda haka Herminda ta tattara kayanta ta dawo gidan don ta kula da maijego.

Babu wanda zai ce Nayadeth ta gaza. Tana shayarwa a kan lokaci. Tana wanke kayan jaririya ta shanya su a igiyar da ke saman murhu. Ba ta kuka, ba ta faɗa da kowa.

Sai dai idan ta kwantar da Maite, sai ta zauna ta zuba wa bango ido. Shayi ya huce a gabanta. Idan an yi mata magana sai an maimaita.

Ranar da Maite ta fara murmushi, Herminda ta yi ta ihu har maƙwabta suka leƙo. Nayadeth ta zo ta duba. Ta ga bakin yarinyar a buɗe, ta ga dasashi. Ta tsaya tana jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Ba ta ji ba.

Ta ce, "Eh, na gani." Ta koma wankin kofuna.

Da Maite ta cika wata biyu, suka tafi awo a asibitin unguwa. Watan Yuli ne, tsakiyar lokacin sanyi a wajenmu, kwana tara ke nan ruwa bai ɗauke ba. Ɗakin jira cike yake da rigunan sanyi masu ɗigar ruwa da kukan jarirai.

A ranar wannan awon, ƙa'ida ce a ba kowace maijego takarda mai tambayoyi goma a kan halin da zuciyarta take ciki. Ba a tsallake kowa. Wata ma'aikaciya ta miƙa wa Nayadeth takardar da biro, ta ce ta cike kafin a kira su.

A kusa da su akwai Uberlinda, tsohuwar ƙawar Herminda tun a kasuwa, ta rako matar ɗanta.

Uberlinda ta ce, "Au, tsohuwa, ashe kina nan da rai? Na ɗauka sanyin bana ya tafi da ke."

Herminda ta ce, "Ni zan ci burodin ranar jana'izarki, har in ce bai gasu ba."

Suka yi dariya. Sai Uberlinda ta matso, ta nuna takardar da leɓe, ta yi ƙasa da murya.

"Ki sa ido a kan wannan abin. Takardar tantance masu taɓin hankali ce. Wata yarinya a wani tsibiri can ta je ta faɗa musu gaskiyar cikinta, ba a yi sati ba hukuma ta zo ta ɗauke ɗan."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ƙanwar matar ɗan'uwan mijina."

"Ita ta gani?"

"Ita ma an faɗa mata ne. Amma wadda ta faɗa mata ba ta ƙarya."

Herminda ta juya ta kalli 'yarta. Nayadeth tana riƙe da Maite a hannun hagu, biron yana hannun dama. Minti goma ke nan ba ta yi ko ɗigo ba. Idonta yana kan takardar, amma ba ya motsi.

Herminda ba ta rasa ido ba. Ta ga shayin da yake hucewa, ta ga kallon bango. Ta ga komai, kuma abin da ta gani ne ya tsorata ta. Ta fizge takardar.

"Kawo nan. Mu a zamaninmu wa ya tambaye mu ko muna dariya? Wanda yake da aikin yi ba ya samun lokacin damuwa."

Ta manta tabaranta a kan firij. Ta miƙa hannu can nesa, ta ƙanƙance ido. Tambaya ta farko a kan dariya ce, kuma amsar da ke sama ta ce tana dariya kamar yadda ta saba. Ta yi mata alama. Ta biyu a kan ɗokin abin da ke tafe ce, ita ma amsar da ke sama ita ce ta lafiya. Ta yi mata alama.

Ta ce, "Ai shi ke nan, na gane kan abin. Ta sama ita ce ta masu hankali."

Ba ta ƙara wahalar da idonta ba. Ta bi sauran takwas ɗin daga sama har ƙasa, tana zaɓen amsar farko, tana danna biro har takardar ta huje a wuri biyu. Ta ninke ta, ta cusa a hannun Nayadeth.

"Idan an tambaye ki, ke kika cike. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama."

Nas ɗin da ta kira su sunanta Fresia. Shekararta ashirin da 'yan kai a wannan ɗakin. Tana da jikoki, amma har yau Señorita Fresia kowa yake ce mata, kamar yadda ake kiran budurwa. Ta auna nauyin Maite da tsawonta da zagayen kanta, ta ce komai daidai. Sannan ta buɗe takardar.

Ta daɗe tana kallo. Masu tsara irin wannan takarda ba sa jera amsoshin hanya ɗaya. A wasu tambayoyin ta sama ce mai sauƙi, a mafi yawansu kuwa ta sama ce mafi muni.

Fresia ta ce, "Señora Herminda, ɗauki gimbiyar nan ki zaga da ita waje. Ina so in duba uwar."

"Ai ni na haife ta, babu abin da ban gani ba a jikinta."

"Na sani. Minti goma kawai."

Da ƙofa ta rufu, Fresia ta jawo kujera ta zauna kusa da Nayadeth, ba a bayan tebur ba.

"Wa ya cike wannan, 'yata?"

Nayadeth ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Mama."

"Na yi zaton haka. Ba faɗa zan yi ba. Zan karanta miki abin da aka zaɓa, ke kuma ki gaya mini ko haka ne."

Ta fara daga ta uku. An zaɓi cewa kusan kullum tana ɗora wa kanta laifi idan abu ya lalace.

Nayadeth ta ɗago kai a hankali. "Haka aka sa?"

"Haka aka sa."

"To, haka ne."

Fresia ta ci gaba. An zaɓi cewa abubuwa sun fi ƙarfinta, ba ta iya ɗauka. An zaɓi cewa ko yarinya ta yi barci ita ba ta iyawa. Nayadeth tana amsawa da murya ɗaya, kamar mai karanta lambar kati. Haka ne. Haka ne. Da aka zo kan kuka, ta ce, "Wannan a'a. Da ma ina iya kukan."

Fresia ta aje takardar a cinyarta kafin ta ƙarshe.

"Ta goman tana tambaya ko tunanin cutar da kanki yana zo miki."

Ruwa yana dukan kwanon rufi. A waje ana jin muryar Herminda tana yi wa jika wasa.

Nayadeth ta ce, "Wani lokaci ina ganin da ba na nan, da kowa ya huta. Mama ta fi ni iya rainonta. Ba ina faɗa ne don a tausaya mini ba. Kamar lissafi ne, kullum amsa ɗaya yake ba ni."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka sallamo mu bayan haihuwa."

"Kin gaya wa Nibaldo?"

"Yana dawowa a gajiye." Ta kalli ƙofar da aka fita da Maite. "Za ku ƙwace ta?"

"A'a. Ba a raba uwa da ɗanta don ta yi rashin lafiya ta nemi magani. Abin da ke damunki ciwo ne, yana da suna, yana da magani. Mata da yawa sun zauna a kujerar nan sun faɗa mini irin wannan maganar, yau 'ya'yansu suna makaranta."

Nayadeth ta gyaɗa kai, fuskarta ba ta canza ba.

"Abin da nake tsoro, Señorita, ko da kun ƙwace ta, ban san ko zan ji wani abu ba."

Fresia ba ta yi saurin ba ta haƙuri ba. Ta ɗauko sabuwar takarda da biro ta aje mata.

"Cike wannan da hannunki. Ba sauri."

Bayan an gama aka kira Herminda. Ta shigo tana jijjiga Maite, tana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Fresia ta tambayi Nayadeth ko ta yarda a gaya wa mahaifiyarta, ta ce ta yarda. Sai Fresia ta ɗauki takardar farko ta karanta tambaya ta goma da amsar da aka zaɓa.

Herminda ta ƙanƙame jaririyar har ta fara kuka.

"Ƙarya ne! Ni na cike, ni ce! Yarinyar nan ba ta taɓa takardar ba. Tabarau na manta, ku tambayi Uberlinda, tana waje. Kuskuren tsohuwa ne. Don Allah, Señorita, yaga ta, a ba mu wata. 'Yata lafiyarta ƙalau, gajiyar jego ce kawai."

Fresia ta ce, "An ba ta wata. Ta cike da kanta."

Ta jera takardun biyu a kan tebur.

"Takwas ɗin da ba ki karanta ba, shida sun zo daidai da nata, har da ta goman. Biyun da kika karanta kika amsa mata, duka ba haka take ji ba."

Herminda ta sunkuya a kan takardun. Ba ta iya ganin rubutun, amma tana ganin alamomin. Nata manya ne, a danne. Na 'yarta ƙanana ne, da ƙyar biron ya taɓa takarda, kuma mafi yawansu suna zaune a wuri ɗaya da nata.

Matar da kasuwa duka ta san muryarta ta nemi kujera ta zauna.

Can ta ce, "Gida ɗaya muke kwana. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Nayadeth ta ce, "Na fara sau biyu. Kika ba ni labarin faskaren itace."

Ba da fushi ta faɗa ba. Da ma da fushi ne, da ya fi wa Herminda sauƙi.

Fresia ta yi musu bayanin abin da zai biyo baya. Likita zai ga Nayadeth yau, ba gobe ba. Akwai maganin da ba ya hana shayarwa. Za ta riƙa zuwa ganin mai ba da shawara duk sati. Za a kira Nibaldo ya dawo. Kuma a 'yan kwanakin nan ba za a bar ta ita kaɗai a gida ba.

"Wa zai zauna da ita?"

Herminda ta ce, "Ni mana. Wa kuma?"

Fresia ba ta rubuta ba. Ta juya ga Nayadeth.

"Ita za ta faɗa."

Nayadeth ta daɗe tana kallon mahaifiyarta. Herminda ta motsa leɓe za ta yi magana, sai ta kama bakinta. Ta jira. Ba ta saba ba, amma ta jira.

Nayadeth ta ce, "Ta zauna. Amma idan an tambaye ni abu, ta bar ni in amsa."

Herminda ta gyaɗa kai. Fresia ta rubuta sunanta.

Babu wanda ya zo ɗaukar Maite. Nayadeth ba ta warware a sati ɗaya ba, ba ta warware a wata ɗaya ba. Amma tana nan da ranta, tana shan maganinta, kuma yarinyar tana hannunta.

Darasi: Wahalar da kika sha kika tsira ba ita ce ma'aunin ciwon wata ba. Maijego tana iya yin wanka da wanki da shayarwa alhali zuciyarta a mace take. Idan a asibiti an tambaye ta halin da take ciki, ku bar ta ta amsa da bakinta, don tambayar ba tarko ba ce, hanyar magani ce. A gida kuma idan ta fara magana, ku yi shiru har ta kai ƙarshe. Ku tura wannan labarin ga iyaye mata da mazaje da duk wanda yake da maijego a gidansa.