Makaɗa Biyu a Gonar Dawa

Akwai wani manomi wanda ciyawa ta ci ƙarfin gonarsa ta dawa. Da ya ga in ya yi sake bana iyalinsa za su sha yunwa, sai ya kira gayya. Da yake mutum ne mai son a sani, ya raina tsohon makaɗin garinsu, ya aika can nesa aka ɗauko wani mai sabuwar ganga da murya kamar tsawa.

Kai, ranar an sha kiɗa! Majiya ƙarfi suka yi ta tsere da fartanya, mata na ta guɗa. Kafin rana ta take, an gama gona kaf. Manomi ya koma gida baki har kunne.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka duba kunyoyin kuwa?"

Ya ce, "Ke dai! Ba ki ji kiɗa ba?"

Bayan kwana uku aka yi ruwa. Ya je gona, sai ga ciyawa ta ɗago kai kore shar, sai ka ce ita aka shuka. Ashe garin sauri binne ta kawai aka yi, ba a tumɓuke saiwa ba. Gabansa ya faɗi. Ya haɗiye girman kai, ya je ya roƙi tsohon nan da ya raina, ya sake kiran gayya.

Tsoho yana kaɗawa a hankali, yana bin bayan masu noma, idonsa a ƙasa. In ya hango ciyawa, sai ya sa sunan wanda ya bar ta a waƙa: "Dawo, ɗan'uwa, ka bar baƙuwa a baya!" Sai a kwashe da dariya, mutum ya koma ya cire. Ba a tashi ba sai yamma lis. Da kaka ta yi, rumbu ya cika maƙil. Matar ta ce, "Maigida, wannan kiɗan kam har a tuwo ana jinsa."

To, ga ma'anar misalin. Gonar zuciyarmu ce, ciyawar zunubi ce, makaɗi kuwa mai wa'azi ne. Lasifika da tsalle da "Amin" mai ƙarfi ba laifi ba ne, ni ma ina son su. Amma wa'azin da bai bi kunya-kunya da Maganar Allah ba, binne zunubi kawai yake yi. Saboda haka kada mu auna wa'azi a ƙofar majami'a ranar Lahadi. Mu jira Laraba, sa'ad da akuyar maƙwabci ta shiga mana lambu. Abin da ya fito daga bakinmu, shi zai nuna ko an tumɓuke ko binnewa aka yi.