Tagar da Radojka Ta Hana Buɗewa

A gidan kula da tsofaffi na garinmu, can cikin duwatsun ƙasar Sabiya, babu ma'aikaciyar da ta kai Radojka son tsofaffin nan, babu kuma wadda ta kai ta taurin kai. Ni ce mai girkin gidan, na san halinta sarai. In ta kafe a kan abu, ko limamin coci ya zo sai ya koma da haƙuri.

Dukanmu mun tashi da tsoron promaja, wato iskar da ke ratsa ɗaki in an bar taga da ƙofa a buɗe. Ita muke ɗora wa ciwon wuya da na haƙori, har da shanyewar fuska. Amma tsoron Radojka ya wuce misali.

Ana tsakiyar sanyi injin ɗumama gidan ya mutu. Aka tara tsofaffin a falo, aka hura tsohon murhun itace. Radojka ta bi tagogi da tsumma ta toshe kowace kafa, ta danna bargo a ƙarƙashin ƙofa, sannan ta rufe bututun hayaƙi, wai kada zafi ya gudu. Kaka Stamena, wadda Radojka ta fi ƙauna, ita ta zaunar dab da wutar.

Tsoho Milutin ya dafe goshi ya ce, "'Yata, kaina kamar ana sara. Ɗan buɗe mana taga."

"Taga? A wannan sanyin? So kake gobe bakinka ya koma wajen kunne? Giyar da kake ɓoyewa ce ke damunka, Kaka."

"Wutar nan ba ta numfashi, yarinya."

"Kai dai ja bargonka."

Ta fito ta ja ƙofa, ta tafi wanki.

Bayan abincin rana na kawo musu shayi. Tun daga baranda na ji falon da ba ya rabo da gardama ya yi tsit. Na tura ƙofa da ƙyar. Milutin yana ƙasa, ya rarrafo har gindin taga. Saura sun langaɓe a kujerunsu, hayaƙin murhun da ya rasa mafita ya shaƙe su. Na saki faranti na kurma ihu, na ɗauki kujera na fasa gilashin taga.

Radojka ta shigo a guje, hannunta duk kumfa. "Wa ya buɗe..." Sai ta ga Kaka Stamena, ta ruga wajenta.

Muka yi ta jan su waje kan ƙanƙara har motar asibiti ta iso. Ɗaya bayan ɗaya suka farfaɗo, suna tari suna amai. Radojka ta durƙusa tana murza hannun tsohuwar, tana cewa, "Kaka, tashi mana, ai na ɗumama ki." Kaka Stamena ba ta tashi ba. Har yau in na tuna muryar nan sai hawaye ya zubo mini.

Mai karatu, ƙauna ba ta isa ba in babu sauraro. Wanda kake kula da shi ya fi ka sanin abin da jikinsa ke ji. In ya yi kuka, tsaya ka ji. Kuma duk inda wuta ke ci, a bar wa iska hanya.