Tukwanen da Gayus Ya Ce Suna da Kyau

Akwai wani mutum, Gayus sunansa, mai duba tukwanen ƙarfe a wata masana'anta. Shekara ashirin da biyu yana zaune inda tukwanen ke fitowa, da tsohon cokali a hannu. Yakan ƙwanƙwasa wajen waldar mariƙi, ya kasa kunne. In ƙarar ta fita tas, tukunya ta wuce kasuwa. In ta dushe, a mayar da ita wuta. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Ana nan sai masu kamfanin suka kawo na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, irin mai koyon aiki daga abin da aka nuna mata. Manaja ya ce Gayus ne zai koya mata: ya ƙwanƙwasa, ta saurara, ya danna kore in tukunyar lafiyayya ce, ja in mai aibi ce.

Gaban Gayus ya faɗi. Ya san yadda aka yi a kamfanin buhuna na kusa da su: wata uku da kawo irin wannan na'ura aka sallami mutum arba'in. Ga kuma bikin 'yarsa Keziya yana matsowa. Tsoro ya hana shi cin abinci. Sai ya yi dabara, dabarar banza kuwa. In masu aibi goma suka zo, ya danna wa uku kore, wai don na'urar ta yi ta shirme, a ce ba ta iya ba, a mayar da ita inda ta fito.

Ina! Na'ura ba ta san ƙarya ba, abin da malaminta ya ce shi ta riƙe. Ba wanda ya sake duba bayanta, tunda Gayus ne ya koya mata. Shi kuwa aka mayar da shi wajen lodi. Da hannunsa yake jera tukwanen nan a mota, alhali ya san da masu aibi a ciki.

To, al'adar zumuntar mata ce a cocin su Gayus su saya wa kowace amarya tukwane. Don su girmama Gayus, suka sayo na kamfaninsu. Saura kwana biyu biki, ana suyar cincin a tsakar gida, ya shigo ya hango tambarin kamfanin a jikin tukunyar da ke kan murhu, cike da mai. Kafin ya buɗe baki Keziya ta ɗaga ta. Mariƙin ya ɓalle, man ya kwarare mata a ƙafafu.

A asibiti ta ga yana kuka, ta ce, "Baba, ka daina. Laifin na'urar nan ne. Da kai kake dubawa, da haka ba ta faru ba."

Washegari ya je ya faɗa wa manaja gaskiya duka. Manaja ya ce, "Baba Gayus, tukwane dubu tara sun riga sun shiga kasuwa. Ina za mu same su?"

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Tsoron Gayus ba laifi ba ne, na san a cikinmu akwai waɗanda na'ura ke barazana ga abincinsu, kuma Ubangiji yana gani. Laifinsa shi ne bai kai tsoron gaban Allah ba, ya kai shi wajen ƙarya. Na'urar kuwa ita ce duk wanda ya amince da kai yake koyo a hannunka: ɗanka, ɗalibinki, sabon ma'aikaci. Ba ya tacewa. Yadda ka ba shi haka zai ɗauka, ya riɓanya, ya kai gidajen da ba ka taɓa takawa ba, har da naka.

Gayus ya tuba, Allah kuma mai gafara ne. Amma gafara ba ta dawo da tukunya ko ɗaya ba. In akwai abin da ka danna wa kore alhali ka san ja ne, je ka faɗa yau, tun mota ba ta tashi ba.