Kujerar Inna Hadjo

A unguwar Banikanni ta Parakou akwai wata mata mai suna Zinariya. Tana da kirki, tana da kyauta, sai dai Allah ya jarrabe ta da son a shigo falonta a ce "kai!". Da ta ga a waya cewa yanzu kayan gargajiya ake yayi, sai ta hau mota ta nufi Djougou wurin mahaifiyarta, Inna Hadjo, tsohuwar da idonta ya fara rauni.

Ta kwaso akushi da faifai da ƙoren da aka yi wa zane. Daga ƙarshe idonta ya faɗa kan 'yar kujerar katakon da Inna ke zama a kai tana alwala tun tana amarya.

"Inna, ki ba ni wannan. Zan aiko miki ta roba, ta fi sauƙin ɗauka."

Tsohuwa ta ce, "Ɗauki, 'yar nan." Ba ta taɓa iya hana Zinariya komai ba.

A Parakou aka kai kujera wurin mai aikin katako. Ya goge duk wani tabo da ke jikinta, ya shafa mata mai har tana ɗaukar ido. Zinariya ta ajiye ta ƙarƙashin hotunan da ta jera a bango cikin gilashi, ta ɗora mata tukunyar fure. Ƙawaye suka yi ta yabo, ita kuwa baki har kunne.

Da aka kawo Inna Parakou ganin likitan ido, Zinariya ta ja ta zuwa falo da ɗoki, ta sauke furen, ta ɗora hannun tsohuwa a kan kujerar. Inna ta shafa gefe, ta sake shafawa, ta juya ta.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Ita ce mana, Inna! Gyara ta aka yi."

"To ina haƙoranki?" in ji Inna. "A nan gefen kika riƙa gatsa lokacin da kike haƙori. Tun da ido ya yi rauni, duk asuba in na zauna sai in lalubo wurin, in yi miki addu'a."

Zinariya ta durƙusa ta kifa kai a cinyar uwarta tana kuka, domin ta san babu mai iya maido da abin da aka goge.

Tun ranar furen bai sake hawa kujerar ba. Aka fitar da ita tsakar gida, Inna ta ci gaba da alwala a kai. Wata safiya Zinariya ta tarar da 'yarta Jannatu, mai rarrafe, ta kama gefen kujerar tana gatsa. Ta buɗe baki za ta tsawata, sai ta ga hannun Inna yana lalube a wurin, tsohuwa tana murmushi.

"Bar ta," in ji Inna. "Kujerata ce take dawowa."

Darasin da ke nan shi ne, kafin ka ɗauko tsohon abu don ƙawata ɗaki, ka tambayi mai shi abin da yake ƙauna a jikinsa. Tabon da kake gani muni, wataƙila shi ne abin da wani yake riƙe da shi. Kada son yabon baƙi ya sa ka raba iyayenka da abin da ke sanyaya musu zuciya.